Zanen Inna a Cikin Injin Kwandala

Watan jiya na bi ta layin da muka fara zama a Morrisania, nan Bronx, zan je barkar haihuwa, sai na tarar an sake gidan wankinmu. Ginin yana nan, har yanzu wankin ake yi a ciki. Amma an kwashe tsofaffin injunan kaf, an jera waɗansu sababbi masu ƙyalli, duk tsayi ɗaya kamar 'yan makaranta a layi, an manna talabijin a bango, ga haske fayau kamar asibiti. Na leƙa ta gilashi. Mutum shida ne ko bakwai a ciki, kowa ya sunkuyar da kai a kan wayarsa, ba mai yi wa wani magana. Wata yarinya ta zo ta zura kati, injin ya kama aiki a hankali kamar mai jin kunya. Na daɗe a tsaye ina sauraren ƙarar kwandala, ban ji ba. Sai da ƙafata ta fara sagewa na tuna inda za ni.

Da sauran ƙuruciyata aka kawo ni ƙasar nan. Ban daɗe da gama sakandare ba, maigidana yana karatu yana kuma aiki a wani asibiti, ya kama mana ɗaki da falo a hawa na huɗu. A gidanmu na Kano wanki aikin safiyar Alhamis ne. Ni da yayata mu ja ruwa a rijiya mu cika baho biyu, mu saɓa, mu cuɗa, mu ɗauraye har sau uku, fararen kaya a tsoma su a ruwan bula. Inna tana zaune a kujera 'yar tsugunno, duk rigar da muka matse sai an miƙa mata ta duba wuya da hammata. In ta ga abin da bai yi mata ba, ba ta faɗa, sai dai ta jefa rigar cikin bahon farko ta ci gaba da tsince shinkafarta. Da wannan ilimin na zo. Makona na farko na zuba kaya a bahon wanka na wanke su tas, na buɗe taga na shanya a jikin matakalar ƙarfen nan ta gudun gobara. Lokacin sanyi ne. Da la'asar na je kwasowa, na tarar rigar maigidana ta sandare, hannuwanta a buɗe, har tana iya tsayuwa da kanta a jikin bango. Ya dawo ya same ni ina kuka ina cewa na lalata masa kaya. Ya yi dariya har da riƙe ciki, washegari ya saya mini keken tura kaya, ya raka ni gidan wanki ya nuna mini inda ake sa kuɗi, ya wuce aiki.

A nan na haɗu da Mma. Babbar mace ce daga zangon Kumasi, ta kusa sa'ar Inna, aikinta kula da tsofaffi a gidajensu, Talata ce ranar hutunta. Ta hango ni ina tsaye gaban inji ina jujjuya kwandaloli a hannu, ta kalli ɗaurin ɗankwalina, ta ce, “Ke, 'yar Kano ne ko? Zo nan kafin injin ya cinye ki.” Hausarta irin ta zango ce, mace da namiji duk “ya” ne a bakinta, tana kuma yayyafa mata Twi, yaren mutanen Kumasi, kamar gishiri. Kafin ta bar ni in zuba ko ƙyalle, sai da ta ciro tsumma a jakarta ta jiƙa ta goge cikin injin zagaye. “Mutanen ƙasan nan har bargon kare suna sa wa a ciki,” in ji ta. “Kayan salla ba ya shiga sai kin goge. Abin da najasa ya taɓa kuma, ki ɗauraye a gida tukuna. Inji ya san datti, bai san tsarki ba.” Har yau ban taɓa zuba kaya a inji ban goge shi ba, ko da nawa ne na cikin gida.

Mai gidan wankin wani tsoho ne ɗan Puerto Rico, gajere, kullum da sifana a aljihun baya, shi ya sa muke ce masa Baba Mai Sifana. Bai taɓa sayen sabon inji ba. Duk inda aka rufe gidan wanki sai ya je ya kwaso nasu ya gyara, don haka da wuya ka ga biyu iri ɗaya a shagon, kowanne da halinsa kamar mutanen gidan haya. Kuɗin ma ba jefawa ake yi ba. Wani ɗan faranti ne na ƙarfe mai ramuka, ka jera kwandaloli a tsaye, ka tura da ƙarfi da tafin hannu, ya yi ƙarararas, ka ji sun zube ciki. In ka tura da sanyin jiki sai ya maƙale, sai Baba ya zo ya doke shi da gindin sifana yana yi masa faɗa da Sifaniyanci. Mu matan Talata duk mun raɗa musu suna. Akwai 'Yar Rawa, mai murfi a sama, wadda in ta zo matsa sai ta fara karkaɗa tana tafiya tana barin wurinta, dole wani ya hau ya zauna a kanta. Akwai Tukunya, wadda ba ta wanki sam, matsa kawai take yi. Ka zuba jiƙaƙƙun kaya ka rufe murfin ƙarfe, ta fara gurnani a hankali har ta koma kukan jirgi mai shirin tashi, kowa ya yi shiru dole don ba mai jin wani. Injunan busarwa kuma in ka sunkuya kana ganin shuɗin harshen wutar gas a ƙarƙashinsu, lokacin sanyi can muke tura kujeru.

Can ƙarshen shago Giwa take. Ita ce babbarsu, an ɗaure ta da kusoshi a kan dakalin siminti, ƙofarta zagayayyen gilashi ce mai kauri da hannun ƙarfe da ake murɗawa. Tana cinye bargo uku da zannuwan gado ba ta ji ba. Ita tsarinta daban ne. Da ka tura kuɗi ƙofar ta kulle kanta, ba ta sake buɗuwa sai an gama. Za ta ɗibi ruwa ta jujjuya kayan su jiƙa, sannan wata jar fitila ta kama, ƙararrawa ta buga, a lokacin ne kake ɗaga ɗan murfi a samanta ka zuba omo. Fitilar ba ta daɗewa. In hira ta ɗauke maka hankali har ta mutu, to kayanka sun yi wanka ne kawai ba sabulu. Saboda haka duk wanda ke da kaya a Giwa za ka gan shi tsaye da kofin omo a hannu, ido a sama, kamar mai duban wata.

Hirar kuwa ba ta ƙarewa. Akwai wata 'yar Damagaram mai kitso, siririya, bakinta ba ya hutawa, ita ce abokiyar tsokanar Mma. Duk ranar da 'Yar Rawa ta fara tafiya sai ta ɗaga murya, “Mma, taso ga aikinki! Ni in na hau, har titi za ta kai ni.”

Mma ta taso tana gyara zane. “Ke ai ko kaza ba ki iya dannewa. Mijin ki ba ya ba ki abinci ne?”

“Yana ba ni. Ƙiba ce dai ban gada ba. Ku da kuke cin rogo safe da rana ai dole.”

“Rogon nan ya fi hura da kike sha kina yawo kaman sanda,” in ji Mma, ta hau injin ta zauna daram, kumatunta suna rawa, tana jan carbi. Har matan da ba sa jin Hausa sai sun yi dariya.

A wurin na san inda ake samun naman halal da daddawa, na san wace likita ce mace, na koyi ninke zanen gado mu biyu, kowa ta kama kusurwa, a matso a haɗu a tsakiya. Yanzu 'yata ta fari ba ta san wannan ba. A buhu take ɗaure kayanta, a zo a ɗauka a auna a sikeli, washegari a dawo da su a ninke, ba ta taɓa ganin fuskar wanda ya taɓa mata tufafi ba. Ta ce ya fi sauƙi, kuma gaskiyarta. Ban manta ciwon baya da hawan bene huɗu da keken kaya ba. Sai dai a wancan lokacin in mace ta yi Talata biyu ba a gan ta ba, akwai mai tambaya. Yanzu ban san wurin da za a rasa mutum har a lura ba, in ba masallaci ba, shi ma sai Juma'a.

Ina da cikin fari wata shida aka bugo waya wata safiyar Lahadi. Maigidana ne ya ɗauka. Na ga ya juya mini baya yana ta “Allahu akbar, Allahu akbar,” a hankali, sai na zauna a ƙasa tun kafin ya ajiye. Inna ta rasu bayan 'yar jinya ta kwana huɗu da aka ɓoye mini saboda cikin. Kafin labarin ya iso gare ni har an kai ta an dawo. Tafiya ba ta yiwu ba, ga tsohon ciki, ga takarduna ba su kammala ba. Mata suka cika mana falo kwana uku, Mma ta dafa shinkafa da wake irin tasu a babbar tukunya, aka yi addu'a, aka watse, kowa ya koma aikinsa. Na yi ƙoƙari. Na ci gaba da zuwa wanki, ana yi mini gaisuwa ina amsawa. Amma a raina abin bai zauna ba. Ban ga gawa ba, ban ga makara ba, ban ga ɗakinta babu ita ba. Wani lokaci har sai in kama kaina ina tara labarin da zan ba ta.

Bayan an yi arba'in wani mai shago a wajen Fordham Road ya dawo daga gida ya kawo mini saƙo daga yayata: kaset ɗaya da wani ƙunshi a cikin leda biyu, an ɗaure bakinsu tamau. Na sa kaset ɗin. Bayan gaisuwa da kuka sai ta rage murya ta ce, “Kin san al'ada, kayan mamaci sai an wanke ake rabawa. Ranar da su Gwaggo suka tattara na Inna za a kai bakin rijiya, na zare wannan na ɓoye a ƙasan akwatina. Shi ne a jikinta kwana biyun ƙarshe. Ba a wanke ba. Ke ba ki samu ganinta ba, ki samu wannan. Kada ki gaya wa kowa.”

Tsohuwar atamfarta ce, kore da ruwan goro, wadda ta koɗe a wajen zama. Ina kwance ledar ta biyu Inna ta shigo ɗakin. Ba ni da wata hanyar faɗar abin sai haka. Hayaƙin itace, man kaɗanya, kanumfarin da take taunawa, turaren wutarta, da wani ƙamshi na jikinta da ba shi da suna, wanda na sani tun ina goye. Na kifa fuskata a ciki ban ɗago ba sai da lokacin azahar ya kusa fita.

Daga ranar tsoro ɗaya ya kama ni, kada ƙamshin ya fice. Na ninke zanen ƙanana na cusa shi can cikin rigar filona, ta ƙasa, inda iska ba ta kaiwa. Ba na warware shi, sai dai in ɗan buɗe bakin rigar filon in shaƙa in yi maza in rufe, kamar mai tsimin turare. Na daina buɗe taga. Na daina girki mai ƙauri. Sannu a hankali na daina fita ma, don duk inda na je hankalina yana kan gado. Maigidana ya yi lallashi, ya yi nasiha, bai san abin da ke cikin filon ba, ni kuma na riƙe amanar yayata. Kayan wanki suka taru a lungu har suka kai rabin bango. Talata uku ban je ba.

A ta huɗun, da hantsi, aka buga ƙofa kamar za a ɓalle ta. “'Yar Kano, buɗe! Bene huɗu na hau, ƙafa na yana ciwo.” Mma ce. Ta shigo tana haki, ta dubi tulin kaya, ta dube ni sama da ƙasa. “Wannan ɗaki ne ko shagon gwanjo? Dubi kan ki. Yaron da ke cikin nan me ya yi miki?” Na buɗe baki, ta ɗaga hannu. “Ban zo jin magana ba. Shiga ki yi wanka da ruwan zafi, ki wanke kai. Kar ki fito sai kin koma mutum.” A wurinmu wannan ba shisshigi ba ne. Wadda aka yi wa rasuwa ba a tambayarta me take so, shiga ake yi a share mata ɗaki, a dafa, a wanke. Na bi umarni. Ruwan ya yi mini daɗi, na daɗe a ciki.

Da na fito gidan shiru. Tulin kaya babu, keken turawa babu. Na leƙa ɗaki, na ga katifa tsirara, filo biyu a kanta ba riga.

Ban san yadda na sauka benen nan ba. Hijabi kawai na zura, silifas ɗin wanka a ƙafata, na tallafe cikina da hannu biyu ina gudu ina tafiya, mutane suna kaucewa. Layi uku ne tsakaninmu da gidan wankin. Ina tura ƙofa na ji ƙarararas daga can ƙarshen shago, sannan ƙofar Giwa ta yi ƙas.

“Mma! Kar ki sa! Mma!”

Ta juyo da kofin omo a hannu. “Me ya fito da ke haka, kai a jiƙe?”

Na wuce ta na kama hannun ƙofar ina murɗawa, ko motsi bai yi ba. Ruwa ya riga ya fara zuba. Ta cikin gilashi ina ganin zannuwan gado suna hawa suna faɗowa, sai ga farar rigar filo ta zo ta wuce, ta sake zuwa, bakinta ya buɗe, gefen kore da ruwan goro ya leƙo. Na dinga dukan gilashin ina kiran Inna. Baba Mai Sifana ya rugo. Duk Turancin da na koya a makaranta ya gudu, abin da na iya haɗawa kawai shi ne uwata ta mutu, kayanta ne a ciki. Ban san me ya fahimta ba, amma bai tsaya tambaya ba, ya zagaya baya ya ja wani ƙarfe, wutar injin ta ɗauke. Giwa ta yi juyi ɗaya ta tsaya. Ƙofar dai tana kulle. Ruwa ya kai kusan rabin gilashi, zanen ya fito gaba ɗaya ya kwanta a ciki, ya jiƙe sharkaf, launinsa ya yi duhu.

Na gaya wa Mma abin da yake, a gutsure, ina shessheƙa. Da farko ido ta zaro. “Kayan mamaci? Ba a wanke ba, kin sa kai a kan shi kina kwana, da ciki?” Sai kuma na ga maganar ta isa inda za ta isa. Babbar macen nan ta sulale ta zauna a ƙasan siminti, ta ɗora hannu biyu a ka. “Wayyo, na cuce ki, ɗiya na. Wallahi ban sani ba, ban sani ba koraa, ko kaɗan. Na ga filo ya yi datti ne kawai.” Hawaye suna bin kumatunta. “Uwa na ma ina nan ya rasu. Ko zare ban samu ba. Da an aiko mini irin shi, ni ma ba zan wanke ba.”

Baba ya riga ya durƙusa da sifanarsa. Ya yi mini bayani da hannu da baki cewa zai iya kwance bututun baya ya zubar da ruwan a ƙasan shago, ya ɓalle makullin, amma zai ɗauki lokaci. Ya nuna ƙasan shagonsa ya kaɗa hannu, wato kada in damu da wannan. Yana kallona yana jira. Na manna goshina a gilashin. Tsakanina da zanen bai fi kaurin yatsa biyu ba. Na san ko an fito da shi yanzu, warin ruwan famfo da dattin zannuwanmu zan shaƙa. Na sani, amma bakina ya ƙi faɗa.

'Yar Damagaram, wadda ban taɓa jin ta yi magana a hankali ba sai ranar, ta dafa kafaɗata. “Ƙanwata, tsohon nan gwiwarsa ba lafiya. A buɗe ko a bari?”

Mma ta dafa dakali ta miƙe da ƙyar, ta share fuska da gefen mayafi. Ta ce, “Su wa suka yi ma shi wanka?”

“Yayata da Gwaggo.”

“Kayan shi fa?”

“Su ne dai.”

Ba ta ƙara tambaya ba, ni ce na ƙarasa da kaina. “Ni ban yi mata komai ba, Mma. Ko guga ɗaya ban ja ba.”

Ta ɗauki kofin omon da ta yar, ta sake cika shi, ta ajiye a kan Giwa kusa da hannuna. Ba ta miƙo mini ba, ta ja da baya.

Na daɗe ina kallon kofin. Sannan na juya na ce wa Baba ya mayar da wuta. Ya tambaye ni sau biyu, na gyaɗa kai. Giwa ta yi gurnani ta ci gaba daga inda ta tsaya. Ba a jima ba jar fitilar ta kama, ƙararrawa ta buga. Na ɗaga ɗan murfin, na yi bismilla, na zuba. Kumfa ta taso ta rufe gilashin, na daina ganin komai.

Aka jawo mini kujera. Mma ta zauna a damana, 'yar Damagaram a haguna tana karanta ƙulhuwallahu ƙasa-ƙasa. Wata mata da ba ta jin yarenmu ta ajiye mini ruwan sha ta koma wurinta. Haka muka zauna har aka ɗauraye, aka matse, ƙofar ta buɗe da kanta. Ban yarda zanen ya shiga injin busarwa ba. A jiƙe na kai shi gida, na karkaɗe shi, na juya bayansa waje kada rana ta ci launin, na shanya a bakin taga.

Ba zan ce na huce a ranar ba. Da ya bushe na kai hancina, omo kawai na ji, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka bugo waya. A lokacin ne Inna ta rasu a wurina. Na yi makonni ina gaida Mma da baki, raina yana ƙuna, ita ma ta sani, ba ta matsa mini ba. Kuma har gobe, da za a ce in ba da wani abu mai tsada in sake shaƙar ƙamshin nan sau ɗaya, zan bayar. Sai dai washegarin ranar na ɗaura zanen na yi sallar azahar a cikinsa. Da can ban isa ba, don a cikinsa ta yi jinya, ban tabbatar da tsarkinsa ba. Na buɗe taga. Na dafa miya. Da na haihu, Mma ce ta zo ta yi mini wankan jego, da zanen kuma na fara goya jaririyar. Na ɗaura shi har ya yi laushi ya fara yagewa da kansa. Ni da Mma ba mu sake tayar da maganar ba, ko sau ɗaya, duk tsawon zaman da muka yi.

Shekara biyu ke nan da Allah Ya karɓi Mma, a nan Bronx, bayan ta sha fama da ƙafafu. Da ni aka yi mata wanka. Ɗiya ɗaya ta bari a Kumasi, wadda ta yi ta nema wa takardar zuwa ba ta samu ba, ita ma a waya ta ji. Ranar uku mata suka taru a ɗakin suna zuba kayanta a manyan ledoji za a kai wanki kafin a aika gida. Ni aka ba wa gado in yaye. A ƙarƙashin filonta na sami ɗankwalin da take kwana da shi, duk man kai, ya yi laushi. Na tsaya da shi a hannu. Na taɓa tambayar wani malami a kan wankin kayan mamaci, ya ce al'ada ce mai kyau, amma ba wajibi ba ce. Kuma ko ba komai, mai gadon kayan ita zan ba wa. Na juya baya na sa shi a jakata.

Wata daga cikin matan ta leƙo ta ce, “Hajiya, an haɗa duka?”

Ban so in yi ƙarya a ɗakin mamaciya ba. Na miƙa mata zannuwan gadon na ce, “Ku tafi da waɗannan.”

A gida na sa shi a leda biyu na ɗaure bakinsu tamau, na ba wata mai tafiya Ghana, na ce ta kai wa ɗiyar Mma hannu da hannu, kuma ta gaya mata ta buɗe ita kaɗai. Bayan kamar mako uku wayata ta yi ƙara ina tsaka da yanka albasa. Baƙuwar lamba ce. Na yi sallama, ba a amsa ba, sai numfashi nake ji da jan hanci. Na kashe murhu na zauna na jira ta.

Can ɗiyar Mma ta ce, “Anti. Mma yana ciki.”

Na ce, “Na sani. Ki riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan.”